Daga Tarago zuwa Bokiti: Tarihin Giyar Inabi ta Gida a Arewacin Amurka

Haɗa jar giyar inabi a gida daga bokitin ruwan inabi al'ada ce da ta fi ƙarfi a biranen arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada, musamman a unguwannin da zuriyar Italiyawa da mutanen Fotugal suka yi kaka-gida. Duk shekara, daga watan Satumba zuwa Oktoba, dillalan kayan lambu da wasu shaguna na musamman kan sauke bokitan roba masu cin galan 6, wato kimanin lita 23, cike da ruwan inabin da aka matse a Kalifoniya aka ajiye cikin sanyi. Magidanci ya saya, ya kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko gareji, ya bar shi ya tsimu, bayan watanni ya samu kwalba 30 ko kusa da haka. Aikin ba shi da wuya. Sai dai bokitin nan zango ne na baya-bayan nan a kan wata doguwar hanya wadda ƙaura da dokar hana giya da jirgin ƙasa suka shata.

Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa fiye da miliyan 4 suka shiga Amurka, galibinsu talakawan manoma daga kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. A ƙauyukan da suka baro, giyar inabi ba kayan shagali ba ce. Cikin abinci ake lissafa ta, tare da burodi da man zaitun, kuma gida kan yi tasa da kaka ya sha har shekara ta zagayo. Da suka sauka a Niyok da Boston da Filadelfiya da Shikago da garuruwan haƙar ma'adinai, sai suka tarar giyar kanti ta fi ƙarfin aljihunsu, inabin yankin kuma bai yi musu ba. Irin da ya fi yawa a gabas, wato Concord, sukarinsa kaɗan ne, tsaminsa da yawa, ga wani ƙamshi da harshen mutumin Turai bai saba da shi ba. Inabin da suka sani yana can Kalifoniya, nisan dubban kilomita. Layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869 shi ya rage wannan nisa, daga baya kuma taragu masu ɗaukar ƙanƙara, irin na kamfanin Pacific Fruit Express da aka kafa a 1906, suka sa ɗanyen inabi ya iya ketare nahiyar bai ruɓe ba.

A shekarar 1869 ɗin dai aka yi wani abu da ya shafi wannan tarihi ta ɗaya ɓangaren. Thomas Bramwell Welch, likitan haƙori a garin Vineland na jihar New Jersey kuma ɗan ɗariƙar Metodis mai ƙyamar barasa, ya ɗora kwalaben ruwan inabi cikin ruwan zafi don ya samar wa cocinsu abin sha marar sa maye. Ya dogara ne da binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa tsimuwa aikin wasu ƙwayoyin halitta ne masu rai, kuma zafi na kashe su. Dalilin wannan wahala ta Welch shi ne ruwan inabi ba ya zama yadda aka bar shi. Yis, wato ƙwayoyin nan masu tsimawa, yana nan a jikin ɓawon inabi da kayan aiki da iska, kuma da zarar an fasa ƙwayar, ya fara cin sukari yana mai da kusan rabin nauyinsa barasa, sauran kuma iskar kabon. Irin abin da ke faruwa a tukunyar burkutu ke nan, illa dai dawa sai an tsirar da ita an dafa kafin ta ba da sukari, inabi kuwa da sukarinsa yake zuwa. Saboda haka yin giya ba ya bukatar ƙoƙari kamar hana ta yiwuwa. Ko dai a dafa ruwan, ko a sanyaya shi ƙwarai. Hanyar farko ta haifi sana'ar lemon inabi na kwalba, ta biyu ita ce daga bisani ta haifi bokiti.

Abin da ya mai da al'adar baƙi babbar kasuwa shi ne dokar hana giya. Gyara na 18 ga tsarin mulkin Amurka ya fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920, kuma dokar Volstead da aka yi don zartar da shi ta ce duk abin sha mai barasa daga rabin kashi ɗaya cikin ɗari mai sa maye ne. Amma sashe na 29 na dokar ya bar ƙofa a buɗe: ya yarda mutum ya yi ruwan tufa da ruwan 'ya'yan itace marasa sa maye don amfanin gidansa kawai. An sa wannan sashe ne don kada a ɓata da manoma masu matse tufa, waɗanda ƙuri'arsu ke da nauyi. Hukuma ta ɗauki iyakar galan 200 a shekara ga kowane magidanci, kimanin lita 757, wato kwalba dubu ɗaya. Babu wanda ya yi bayanin yadda gida zai ajiye wannan ruwa shekara guda ba tare da ya tsimu ba.

Wani ɗan majalisar wakilai daga Maryland, John Philip Hill, mai adawa da dokar, ya yi giyar inabi da ta tufa a gidansa na Baltimore, ya yi ta shela har sai da aka gurfanar da shi. A 1924 masu taya alƙali hukunci suka wanke shi, bayan kotu ta bayyana cewa a kan abin da aka yi a gida, gwamnati ce za ta tabbatar yana sa maye a zahiri, ba wai ta tsaya kan rabin kashi ɗaya ba. Daga nan jami'ai suka ƙara kawar da kai. Wanda ya dafa barasa ko ya sayar yana cikin haɗari. Wanda ya matse inabi don teburinsa, da wuya a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Manoman inabi na Kalifoniya sun zaci dokar za ta durƙusar da su, wasu har sun tumɓuke gonakinsu. Sai ga shi farashin tan ɗaya ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru, aka shiga dasa sababbin gonaki ba ƙaƙƙautawa. Da kaka, dubban taragu ke kama hanyar gabas, har taragun suka yi ƙaranci. A manyan harabobin jirgin ƙasa na New Jersey, tsallaken kogin Hudson daga Niyok, da na Shikago da Boston, akan yi gwanjon inabi tarago-tarago, dillalai su saya su rarraba wa 'yan unguwa akwati-akwati.

A nan ne zaɓin iri ya fita daga hannun mai sha ya koma hannun jirgin ƙasa. Tafiyar takan ɗauki mako guda ko fiye, wani lokaci kuma tarago ya yi kwanaki a tasha yana jiran mai saye. Inabi mai laushin ɓawo, komai darajar giyarsa, ba ya jure wannan. Wanda ya ci kasuwa shi ne Alicante Bouschet, irin da Henri Bouschet ya samar a kudancin Faransa a 1866 ta hanyar haɗa Petit Bouschet da Grenache. Ɓawonsa kauri gare shi, kuma saɓanin yawancin baƙin inabi da ruwan cikinsu fari ne, shi har tsokarsa ja ce. Launinsa na da ƙarfin da za a matse shi, a zuba wa tuƙar ruwa da sukari, a sake tsimawa, a kuma samu abin da ke da kamannin jar giya. Masu sayar da giya a ɓoye sun so shi saboda wannan. Ɗanɗanonsa kuwa bai kai launinsa ba, shi ya sa magidantan da suka san abin da suke yi kan gauraya shi da Zinfandel don daɗi, da Carignane, da ɗan Muscat don ƙamshi. Kowane gida na da lissafinsa na akwati nawa na wannan, nawa na wancan, kuma lissafin kan bi gado daga uba zuwa ɗa.

Biyu daga cikin manyan sunayen sana'ar giya a Amurka daga wannan fatauci suka taso. Cesare Mondavi yana zaune a garin Virginia na jihar Minnesota, cikin masu haƙar tama, lokacin da ƙungiyar Italiyawan garin ta tura shi Kalifoniya ya sayo musu inabi. Ya ga akwai riba, ya kwashe iyalinsa ya koma Lodi a farkon shekarun 1920 ya zama dillali. A 1943 iyalin suka sayi masana'antar Charles Krug a kwarin Napa, ɗansa Robert kuma ya kafa tasa a 1966. Haka Ernest Gallo, tun yana matashi yake bin taragun inabin mahaifinsa zuwa Shikago yana sayarwa, kafin shi da ɗan'uwansa Julio su buɗe masana'antarsu a Modesto a 1933.

Yawan dashe ya jawo abin da ya saba jawowa. Daga tsakiyar shekarun 1920 inabi ya yi wa kasuwa yawa, farashi ya faɗi, manoma suka fara neman hanyar sayar da shi a wata siffa da ba ta lalacewa. Wasu suka daskarar da ruwan ya zama dunƙule mai siffar bulo, aka riƙa sayar da shi da takardar gargaɗi mai cewa kada a narkar da shi cikin galan na ruwa a ajiye a kabad na kusan makonni uku, don zai zama giya. Duk mai saye ya gane karatun. A 1929 wasu manyan kamfanoni suka haɗu a ƙarƙashin sunan Fruit Industries, suka samu rance daga hukumar gona ta tarayya, suka fito da Vine-Glo, kakkauran ruwan inabi da ake kai wa mutum har gida cikin ƙaramar ganga. Lauyarsu ita ce Mabel Walker Willebrandt, wadda daga 1921 zuwa 1929 take mataimakiyar babban lauyan gwamnati mai kula da gurfanar da masu karya dokar hana giya. Hukuncin wata kotun tarayya ya sa aka janye kayan a 1931. Bai daɗe ba, amma ya nuna cewa akwai masu son giyar gida waɗanda ba sa son wahalar matsa.

An soke dokar hana giya ranar 5 ga Disamba 1933. Ta bar Kalifoniya da gonaki cike da inabin da aka zaɓa don juriyar hanya, kuma sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin giyar jihar ta farfaɗo daga wannan. A gefe guda, kasuwar gida ce ta hana a tumɓuke tsofaffin gonakin Zinfandel da yawa, waɗanda yau ake alfahari da su a Lodi da Sonoma.

Soke dokar bai kashe al'adar ba, domin ga Italiyawa ba doka ce ta kawo ta ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani sabon ayari ya shiga Kanada, dubban ɗaruruwan Italiyawa suka zauna a Toronto da Montreal da Hamilton, mutanen Fotugal kuma suka biyo baya daga 1953, da yawansu daga tsibiran Azores. Da kaka akan jibge akwatunan katako a filayen da ke kusa da layin dogo, kowanne na ɗauke da inabi kimanin kilo 16, da takardu masu launi a goshinsu. Magidanci ya zo ya ɗanɗana, ya murza ƙwaya tsakanin yatsu ya ji ko tana danƙo, ya yi ciniki, a kai masa akwati talatin ko hamsin gida. Ranar matsa ranar gayya ce. 'Yan'uwa da maƙwabta su taru, a juye inabi cikin injin niƙa na hannu da aka ɗora a bakin ganga, yara na miƙo akwatuna. A bar niƙaƙƙen inabin da ɓawonsa da ƙwallonsa na tsawon mako guda ko makamancin haka, ana danna abin da ya taso sama da sanda safe da yamma. Daga nan a kwashe zuwa mamatsa mai sandunan katako da dunƙulen ƙarfe, a yi ta juya hannu har tuƙa ta bushe. Unguwa takan cika da warin tsimi da ƙananan ƙudaje, kwatoci su yi ja. Bisa al'adar Italiya, ranar 11 ga Nuwamba, bikin San Martino, ake fara ɗanɗana sabuwar giya, kuma dattawa da yawa ba sa juye ta daga ganga zuwa ganga sai wata yana raguwa.

Sauyi zuwa bokiti ya zo a hankali a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Manyan motoci masu na'urar sanyi suka karɓi aikin taragun ƙanƙara. Bokitin roba mai murfi, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya sa wa abinci ɗanɗano, ya yi arha. Busasshen yis na giya ya shiga kasuwa a shekarun 1960, ya zama ana samunsa cikin 'yar takarda. Su ma mutanen sun sauya: waɗanda suka zo da ƙarfinsu sun tsufa, 'ya'yansu sun watse zuwa bayan gari, gayyar da ke juya mamatsa ta yi ƙaranci. Ruwan da aka riga aka matse ba ya bukatar injin niƙa, ba tuƙar da za a zubar, mutum ɗaya da mota ya isa.

Ana matse inabin ne a masana'anta, galibi a kwarin tsakiyar Kalifoniya, a daidaita sukari da tsami, a sa ɗan sinadarin salfa don hana ƙwayoyin da ba a so, sannan a riƙe shi a sanyin da ya kusa daskarewa. Murfin bokiti kan zo da 'yar huda, domin ko a cikin sanyi yis na iya fara motsi, kuma iskar na bukatar mafita. A gida akan bar bokitin ya huce daga sanyi kwana ɗaya ko biyu, a auna sukarinsa da ma'aunin gilashi mai yawo a kan ruwa. Ruwa mai sukari kashi 21 zuwa 24 cikin ɗari yakan ba da giya mai barasa kashi 12 zuwa 14. Wasu su zuba yis na saye, wasu su bar wanda ke ciki ya yi aikinsa, kuma wannan tsohuwar gardama ce tsakanin masu bin tafarkin kakanni da masu bin littafi. Cikin kwana ɗaya ko biyu kumfa ta taso, bokiti ya riƙa huci. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, idan ma'auni ya nuna sukari ya kusa ƙarewa, a zuƙe giyar da tiyo zuwa babban tulun gilashi mai ƙaramin wuya, a cika shi taf, a toshe da toshiya mai ɗan ruwa a ciki wadda ke barin iska ta fita amma ba ta barin ta shiga. Daga nan babban abokin gaba iska ce. Idan aka bar fili a saman tulu, ƙwayoyin da ke mai da barasa ruwan tsami sukan samu gindin zama, aikin shekara ya lalace. Akan sake juyewa sau biyu ko uku don a raba giya da lakar da ta kwanta a gindi, sannan a ɗura a kwalba bayan wata shida zuwa shekara. Akwai kuma haɗarin da tsofaffin masu sana'ar suka sani sarai: iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba shi da taga, shi ya sa masu tsima da yawa ke barin ƙofa a buɗe.

Ga farar giya, bokiti bai rage komai ba, don ita dama daga ruwa zalla ake yin ta. Ja kuwa daban ce. Launinta da baurinta da yawancin ƙamshinta daga ɓawo suke fitowa, a cikin kwanakin nan da ɓawo ke jiƙe a ruwa mai tsimuwa, barasa na janyo abin da ke cikinsa. Bokitin ruwa ba shi da ɓawo. Masana'antu kan cike wannan giɓi ta hanyar ɗumama niƙaƙƙen inabi kafin matsa don launi ya fito da sauri, ko su bar shi da ɓawon na ɗan lokaci, ko su ƙara ruwan inabi mai duhu. Launi yana samuwa, bauri kuwa ba ya kai na asali. Abin da ke fitowa giya ce mai sauƙin sha, mai saurin nuna, wadda ba ta jure dogon ajiya. Masu son ta yi nauyi kan sayi akwati ɗaya ko biyu na ɗanyen inabi, su murje da hannu, su zuba cikin jakar raga su nutsa a bokiti, ko su jefa gutsattsarin katakon oak a madadin gangar da kakanninsu suka yi amfani da ita. Wannan dabara ta nuna cewa su kansu sun san abin da sauƙi ya ɗauke musu. Akwai kuma wata matsala da ba ta da magani a hannun mai saye: wanda ya sayi ɗanyen inabi yana ganin abin da ya saya, wanda ya sayi ruwa kuwa ya dogara ne da sunan da aka rubuta a murfi.

Doka ma ta daidaita da zamani. A da, magidanci kaɗai ke da izinin yin giyar gida ba haraji a Amurka, kuma sai ya yi rajista. Dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, wadda ta fara aiki a 1979, ta ba kowane baligi galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, muddin ba na sayarwa ba ne. Wannan izini bai haɗa da dafa barasa a gida ba. A wasu lardunan Kanada, kamar Ontario da British Columbia, akwai shaguna masu lasisi inda mutum ke sayen ruwan, ya zuba yis da hannunsa, ya bar shi a shagon, ya dawo bayan makonni ya ɗura a kwalba.

Kasuwar yau tana da kaka biyu. Bayan ruwan Kalifoniya da na Italiya da ke zuwa a Satumba da Oktoba, akwai na Chile da Afirka ta Kudu da ke isowa wajen Afrilu da Mayu, saboda lokacin girbi a kudancin duniya kishiyar na arewa ne. Wasu dillalai kuma suna sayar da niƙaƙƙen inabi da ɓawonsa, daskararre cikin bokiti, wanda ake iya saye a kowane wata. Ya fi ruwa zalla tsada, kuma dole mai shi ya nemi mamatsa, amma yana ba da jar giya mai cikakken bauri.